Aikin Tsaron Lafiyar Manyan Alƙalai: Misali Daga Birnin Abijan

1.0 Gabatarwa

Alƙali ba shi da bindiga, ba shi da baitulmali. Abin da ke hannunsa shi ne hukunci, kuma da wuya a yanke hukunci ba a bar wani cikin ɓacin rai ba. Idan wanda ransa ya ɓaci talaka ne, sai ya ɗaukaka ƙara ko ya bar wa Allah. Idan kuwa mai ƙarfi ne, ko yana da magoya baya, to rayuwar alƙalin na iya shiga haɗari. Wannan ne ya sa gwamnatoci ke ware wasu jami'an tsaro domin su kula da lafiyar manyan alƙalai.

Manufar wannan takarda ita ce ta bayyana wa ɗalibi yadda wannan aiki yake, da yadda ake shiga cikinsa, da irin matsalar da ke tattare da shi. An ɗauki misali daga Abijan, babban birnin kasuwanci na ƙasar Kwaddibuwa, wato Côte d'Ivoire, saboda dalilai biyu. Na farko, akwai Hausawa masu yawa a birnin, musamman a unguwannin Adjamé da Treichville. Na biyu, tarihin siyasar ƙasar tun daga 1999 ya nuna a fili yadda sa hannun alƙali guda ke iya girgiza ƙasa.

2.0 Ma'anar Wasu Kalmomi

Hausa tana da kalmomi da dama da suka shafi tsaro, kuma kowace tana ɗauke da tarihinta.

Dogari: Wannan ita ce tsohuwar kalma. Dogarai su ne masu tsaron sarki da fadarsa, kuma a da su ne ke kamo mai laifi su kai shi gaban sarki ko alƙali. A Hausar kafofin watsa labarai ma'anarta ta faɗaɗa, har ana cewa dogarin shugaban ƙasa ko dogaran fadar shugaban ƙasa.

Ɗan doka: Jami'in tsaro ne na hukumar En'e a Arewacin Nijeriya a zamanin Turawa. An shigar da 'yan doka cikin rundunar 'yan sandan ƙasa a ƙarshen shekarun 1960.

Ɗan sanda: Sunan ya samo asali ne daga sandar da jami'in ke riƙewa. Shi ne jami'in tsaron cikin gida na gwamnatin zamani.

Jandarma: An aro kalmar daga Faransanci. Soja ne mai aikin ɗan sanda, kuma ana samun sa a ƙasashen da Faransa ta mulka, irin su Nijar da Kwaddibuwa.

Mai gadi da mai tsaron lafiya: Mai gadi wuri yake tsarewa, gida ko kanti ko ofis. Mai tsaron lafiya kuwa mutum yake tsarewa, yana bin sa duk inda ya sa ƙafa.

Akwai bambanci mai muhimmanci tsakanin dogari na gargajiya da ɗan sandan da aka ba tsaron alƙali. Dogari yaron sarki ne, biyayyarsa ga mutumin take. Shi kuwa ɗan sanda ba yaron alƙali ba ne. Kujerar shari'a yake tsarewa, ko wane ne ya hau ta, kuma ko hukuncin da aka yanke ya yi masa daɗi ko bai yi ba.

Ita ma kalmar alƙali, wadda Hausa ta aro daga Larabci, tana bukatar ƙarin bayani. A tsarin shari'a irin na Faransa, wanda Kwaddibuwa ke bi, kalmar magistrat ta haɗa rukuni biyu. Akwai masu zama, wato masu yanke hukunci, akwai kuma masu tsayuwa, wato masu gabatar da ƙara da sunan gwamnati. A cikin rukuni na farko akwai alƙali mai bincike, wanda ke tattara hujjoji a kan manyan laifuffuka kafin a je gaban kotu. Duk waɗannan suna iya bukatar tsaro.

3.0 Fagen Aikin

Wanda ke son ya fahimci aikin tsaro a Abijan sai ya fara da taswirar garin. Unguwar Plateau ita ce cibiyar mulki da bankuna, kuma a nan ne babban ginin kotuna da ake kira Palais de Justice yake. Daga arewa Plateau ta yi iyaka da Adjamé, unguwar manyan kasuwanni da tashoshin mota. Daga kudu kuma, a tsallaken ruwan Ébrié, ga Treichville da tsohuwar kasuwarta da asibitin koyarwa da tashar jiragen ruwa. Gadoji biyu ne suka haɗa Plateau da Treichville: gadar Houphouët-Boigny ta 1957 da gadar De Gaulle ta 1967. Ko a jerin ofisoshin 'yan sandan birnin ana ganin wannan kusanci, domin na 1 yana Plateau, na 2 yana Treichville, na 3 yana Adjamé.

Waɗannan unguwanni biyu suna ɗauke da manyan sansanonin tsaro. A ɓangaren Adjamé akwai barikin jandarma na Agban, da sansanin 'yan sandan kwantar da tarzoma na CRS a Williamsville. A Treichville kuma akwai sansanin rundunar Garde Républicaine, mai tsaron fadar shugaban ƙasa da gine-ginen hukuma. Babban gidan yarin birnin, wanda aka fi sani da MACA, yana Yopougon, kuma hanyar da ta taso daga can zuwa Plateau ta gefen Adjamé take bi.

A cikin waɗannan unguwanni ne Hausawan Nijar da na Nijeriya suka daɗe suna fataucin goro da albasa da dabbobi da tufafi. Abincin nan da ya fi kowane farin jini a titunan Abijan, garin rogo turararre da soyayyen kifi, ana kiran sa garba ne saboda sunan 'yan Nijar da suka shahara da sayar da shi. Yaron da ya tashi a nan ya san lungunan garin, ya san lokacin da motocin gbaka ke toshe hanya, kuma sau da yawa yana jin Hausa da Jula da Faransanci. Wannan sani babban jari ne ga mai aikin tsaro.

4.0 Hanyar Shiga Aikin

Babu wanda ake ɗauka kai tsaye a matsayin mai tsaron alƙali. Sai mutum ya fara zama ɗan sanda ko jandarma tukuna, sannan shugabanninsa su tura shi wannan aiki.

Ana shiga aikin ɗan sanda a Kwaddibuwa ta hanyar jarrabawar gasa, kuma matakan aikin uku ne. Na ƙasa shi ne na ƙananan jami'ai, wanda ake nema da takardar BEPC ta kammala ƙaramar sakandare. Sai na hafsoshi a tsakiya, sannan na kwamishinoni, wanda ke bukatar digirin jami'a. Mai nema zai bi ta gwajin lafiya da na ƙarfin jiki da rubutacciyar jarrabawa, kuma ana binciken halinsa. Wanda ya yi nasara sai ya tafi makarantar horar da 'yan sanda, wadda tsohuwar cibiyarta ke Cocody a Abijan. Su kuma jandarmomi suna da makarantunsu a Abijan da Toroguhé, kusa da Daloa. A cikin rundunar 'yan sanda akwai sashe na musamman mai suna Brigade de Surveillance des Personnalités, wanda aikinsa shi ne tsaron manyan mutane.

Daga cikin takardun da ake nema akwai guda biyu da kotu ce ke bayar da su: takardar shaidar rashin laifi, da takardar shaidar zama ɗan ƙasa. Ta biyun ita ce ke zame wa 'ya'yan baƙi ƙarfen ƙafa. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1961 ta ba yaran da aka haifa a ƙasar, waɗanda iyayensu baƙi ne, damar neman zama 'yan ƙasa, amma gyaran da aka yi mata a 1972 ya rufe wannan ƙofa. Tun daga nan haihuwa a Adjamé ko Treichville ba ta isa ba, sai in uwa ko uba ɗan ƙasa ne, ko kuma mutum ya nema an ba shi. A 2013 an yi wata doka ta wucin gadi wadda ta sake buɗe ƙofar ga waɗanda suka zauna a ƙasar tun kafin samun 'yancin kai a 1960, da waɗanda aka haifa a cikinta kafin 1973. Saboda haka matashin da kakansa ya zo daga Maraɗi ko Katsina, idan yana sha'awar wannan aiki, abu na farko da zai bincika shi ne matsayinsa a doka. Alƙali ne ke sa hannu a wannan takarda. Ke nan, tun kafin ɗan sanda ya fara tsaron alƙali, shi kansa ya riga ya dogara da alƙalamin alƙali.

5.0 Yadda Aikin Yake

Mutane da yawa suna zaton aikin mai tsaron lafiya shi ne harbi da kokawa. Gaskiyar ita ce, ranar da aka kai ga harbi, shiri ya riga ya lalace. Mafi yawan aikin lura ne da haƙuri da tsara tafiya. Wurare uku ne ake fuskantar haɗari.

5.1 Gida

A gida ne mutum ke sakin jiki, kuma kowa ya san inda gidan yake. A daren 30 ga Yuni 1982, a maƙwabciyar ƙasa Ghana, an ɗauke alƙalan babbar kotu uku daga gidajensu a Accra lokacin dokar hana fita: Cecilia Koranteng-Addow da Fred Poku Sarkodee da Kwadwo Agyei Agyepong, tare da wani tsohon hafsan soja, Manjo Sam Acquah. An kashe su duka. Lauyoyin Ghana suna tunawa da wannan rana kowace shekara. Darasin da ke nan shi ne, mai tsaron gida dole ya san kowane mai shiga da fita, tun daga direba da kuku har mai gyaran lantarki. Kuma bai kamata ya buɗe ƙofa ga mutum don kawai ya zo da kaki ko motar hukuma ba.

5.2 Hanya

Alƙali yana fita aiki kusan lokaci ɗaya kullum, kuma mai mugun nufi wannan sabo yake nema. A ranar 23 ga Mayu 1992 ƙungiyar Mafiya ta tayar da bam a ƙarƙashin babbar hanya kusa da Capaci, a tsibirin Sisili na Italiya, ta kashe alƙali Giovanni Falcone da matarsa Francesca Morvillo, wadda ita ma alƙaliya ce, da 'yan sanda uku masu rakiyarsa. Bayan kwana 57, a ranar 19 ga Yuli, aka kashe abokin aikinsa Paolo Borsellino a ƙofar gidan mahaifiyarsa a Palermo, inda ya saba kai ziyara. 'Yan sanda biyar ne suka mutu tare da shi, cikinsu har da mace, Emanuela Loi. Wannan ya nuna cewa mai rakiya yana cikin haɗari ɗaya da wanda yake rakiya.

A gari irin Abijan, inda ruwa ya raba unguwanni, gada ita ce wurin da ya fi wuyar sha'ani, domin motar da ta hau ba ta da wajen kaucewa. Cunkoson Adjamé ma haka yake. Shi ya sa ake canza hanya da lokacin fita, ake tura wani ya duba wuri kafin a isa, kuma ake son direba ya san asibiti da ofishin 'yan sanda mafi kusa a kowane zango na tafiyar. Sababbin gadoji, irin ta Henri Konan Bédié ta 2014 da ta Alassane Ouattara ta 2023, sun ƙara yawan hanyoyin da za a iya zaɓa.

5.3 Kotu

Kotu wuri ne na jama'a, ba a iya rufe ta kamar bariki. 'Yan'uwan mai ƙara da na wanda ake ƙara suna zama a ɗaki ɗaya, kuma a shari'ar siyasa magoya baya kan cika harabar. A watan Maris na 2004, lokacin da ƙasar ke rabe biyu saboda tawayen da ya ɓarke ranar 19 ga Satumba 2002, gungun matasa magoya bayan gwamnati sun kutsa cikin Palais de Justice suna adawa da naɗin wasu alƙalai, har suka doki wasu daga cikinsu. Tsaron kotu ya ƙunshi binciken masu shiga, da raba ƙofar alƙalai da ta fursunoni da ta jama'a, da sanin ta inda za a fitar da alƙali idan wuri ya yamutse.

6.0 Matsalar Biyayya

Babbar matsalar wannan aiki ba ta makami ba ce, ta biyayya ce. 'Yan sanda suna ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida, jandarmomi suna ƙarƙashin ma'aikatar tsaro. Ke nan ɓangaren zartarwa ne ke ɗaukar mai tsaron alƙali, shi ke biyan sa, shi ke iya janye shi. To yaya ke nan idan hukuncin alƙali ya saɓa wa gwamnatin?

A watan Satumba na 1999 wani matashin alƙali a garin Dimbokro, Épiphane Zoro Bi Ballo, ya ba Alassane Ouattara takardar shaidar zama ɗan ƙasa, irin wadda aka ambata a sashe na 4.0. A lokacin gwamnatin Henri Konan Bédié tana musun cewa Ouattara ɗan ƙasa ne. An soke takardar, shi kuma alƙalin ya bar ƙasar ya yi gudun hijira. A ranar 24 ga Disamba na wannan shekara sojoji suka kifar da gwamnatin. A watan Oktoba na 2000 Kotun Ƙoli a ƙarƙashin Tia Koné ta hana Ouattara da Bédié tsayawa takarar shugaban ƙasa.

Bayan shekara goma aka sake komawa gaban masu shari'a. A ranar 2 ga Disamba 2010 shugaban hukumar zaɓe, Youssouf Bakayoko, ya sanar da cewa Ouattara ya samu kashi 54.1 cikin ɗari. Washegari shugaban Majalisar Tsarin Mulki, Paul Yao N'Dré, ya soke ƙuri'un wasu yankuna na arewa ya ba Laurent Gbagbo nasara. Rikicin da ya biyo baya ya ci rayukan mutane kimanin 3,000. Bayan an kama Gbagbo ranar 11 ga Afrilu 2011, shi dai Yao N'Dré ɗin ne ya tabbatar da Ouattara a matsayin shugaban ƙasa a watan Mayu. Wannan majalisa, wadda Chantal Nanaba Camara ta zama shugabarta a 2023, ita ce ke tantance 'yan takara. A 2020 mutum 4 kawai ta amince da su daga cikin 44.

Ɗan sandan da ke tsaye a ƙofar irin waɗannan mutane yana ganin wanda ya zo da dare, yana jin abin da ake faɗa a mota. Idan ya zama ɗan leƙen asirin wani ɓangare, to alƙalin fursuna ne a gidansa, ko da ba a taɓa lafiyarsa ba. Abin da ya faru a Yamai ranar 26 ga Yuli 2023, inda dogaran fadar shugaban ƙasa suka tsare Mohamed Bazoum, ya isa misali na yadda mai tsaro ke iya juyewa. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Haka kuma aikin yana da iyaka. A watan Yuni na 2009 Shugaba Mamadou Tandja ya rusa Kotun Tsarin Mulkin Nijar bayan ta ce shirinsa na tazarce ya saɓa wa doka. Babu mai tsaron lafiyar da zai iya kare alƙali daga irin wannan. Shi ya sa ƙa'idojin 'yancin shari'a da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 1985 suka haɗa tsaron alƙali da wa'adin aikinsa da albashinsa wuri ɗaya, suka nemi doka ta tabbatar da su duka. Wasu ƙasashe sun rage matsalar ta hanyar ba kotu jami'anta. A Amurka, misali, Kotun Ƙoli tana da 'yan sandanta, waɗanda ke ƙarƙashin kotun kanta.

7.0 Halayen da Ake Bukata

Daga abin da ya gabata za a iya fitar da halaye huɗu. Na farko shi ne riƙe sirri, domin maganar da aka yi a wajen shan shayi na iya kaiwa ga kunnen mai mugun nufi. Na biyu shi ne gudun abin hannun mutane. Mai shari'a a gaban kotu kan nemi kusanci da alƙali ta hanyar direba ko mai tsaro, kuma wanda ya karɓi goro yau, gobe saƙo za a ba shi. Wannan ya fi wuya ga wanda ya tashi a unguwar da kowa ya san kowa, inda dattijo zai iya cewa: ɗana, ga ɗan'uwanka a hannu, ka yi mana magana. Na uku shi ne haƙuri, saboda aikin na tsayuwa ne da jira da rashin kwana a gida. Na huɗu shi ne sanin matsayin kai. Mai tsaron alƙali ba ɗan aiken cefane ba ne, domin hannun da ke riƙe da jaka ba ya kare kowa.

Ladan aikin shi ne albashin gwamnati da fansho, da horo na musamman, da ƙwarewar da ke iya amfanar mutum a kamfanonin tsaro bayan ya yi ritaya.

8.0 Kammalawa

An ga cewa tsaron manyan alƙalai reshe ne na aikin ɗan sanda da jandarma, wanda ake shiga ta jarrabawa da horo, kuma a Kwaddibuwa sai da shaidar zama ɗan ƙasa. An ga cewa haɗarin yana gida da hanya da kotu, kuma mafi girmansa yana cikin tambayar nan: wa mai tsaron yake yi wa biyayya? Amfanin aikin ba ga alƙali kaɗai yake tsayawa ba. Mai sayar da albasa a Adjamé da ke shari'ar rumfa da wani attajiri, da matashin Treichville da ke jiran takardar zama ɗan ƙasa, duk suna bukatar alƙalin da zai ɗauki alƙalami ba tare da ya waiga ya ga wanda ke tsaye a bayansa ba.

Tambayoyi

1. Bayyana bambancin da ke tsakanin dogari da ɗan doka da jandarma.
2. Me ya sa haihuwa a Abijan kaɗai ba ta isa mutum ya nemi aikin ɗan sanda a Kwaddibuwa ba?
3. Kawo wurare uku da alƙali ke fuskantar haɗari, tare da misali ɗaya ga kowanne.
4. Fito da kalmomin aro guda biyar daga cikin wannan takarda, ka faɗi harshen da aka aro kowace.